Rimot Ɗinku Yana Shayar da Wayata, Surukina Yana Jira

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin da ya ƙera jirgina marar matuƙi,
ta hannun duk wanda yake jin Hausa a ofishinku.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, musamman injiniyan da ya tsara rimot, domin saboda shi na ɗauki alƙalami. Sunana Ɗanlami, mai hoto ne ni a Fadikpe, cikin garin Minna. Shekara biyu ke nan ina cin abinci da jirginku: biki, suna, saukar karatu, taron coci, har da masu fili da ke son ganin iyakarsu daga sama. Jirgin kam ba ni da ta cewa, Allah ya yi masa albarka. Rimot ɗin ne ya ba ni kunya a gaban surukina, kuma a ƙasarmu wannan ba abin da ake sharewa da murmushi ba ne. Sau biyu na kai kuka ta manhajarku, sau biyu aka amsa min da godiya da hoton fuska mai dariya. Shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya. Kamar yadda ka fi ni sani, ba a ganin abin da jirgi yake gani sai an jona waya da rimot ta 'yar gajeruwar igiya. To, da zarar an jona, sai rimot ɗinku ya fara yi wa wayar caji daga batirinsa. Ban roƙe shi ba, wayar ma ba ta roƙe shi ba. Mutumin kirki ne, na yarda, amma kirkin nasa ya wuce gona da iri. Fitilu huɗu gare shi masu nuna ƙarfin batir. Idan wayata a ƙoshe take, sai mu yi yinin biki da shi bai ce uffan ba. Idan kuwa ta zo da yunwa, kana tsaye kana kallo fitilun za su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana ƙara ƙiba.

Na biyu. Wani abokin sana'ata da ke riƙe da irin wayar nan mai tsada ya nuna min cewa a manhajarsa akwai maɓallin da yake taɓawa ya hana cajin. Na koma gida na duba tawa sama da ƙasa, babu. Ashe ko a sararin sama akwai 'yan gata. Ban zauna ba, ranka ya daɗe. Na rage hasken allo har sai na ƙanƙance ido kafin in ga jirgin. Na kashe duk abin da ke cin batir a wayar. Na sayi igiya iri uku a Kasuwar Kure. Har wajen mai gyaran waya na je ya tsinke min silin da ke ɗaukar wuta a cikin igiyar, sai waya da rimot suka daina sanin juna gaba ɗaya. Dabara ɗaya ce kawai ta yi aiki: in cika wayar taf kafin in jona ta.

Na uku. Wannan dabara tana bukatar wutar lantarki, mu kuwa a Fadikpe wuta baƙuwa ce, takan leƙo ta gaishe mu ta wuce. Tun ranar da matata Saratu ta gano cewa rimot yana cajin waya, na rasa kwanciyar hankali a gidana. Sai in dawo daga masallaci in tarar da wayarta kwance a jikinsa tana tsotso, ita kuma tana yanka kuɓewa hankalinta kwance. Da na yi magana ta ce ai ba ita ta ƙera shi haka ba, in je in yi faɗa da wanda ya ƙera. Ga shi na zo.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin abin da ya kawo ni. Mahaifin Saratu manomin doya ne a wani ƙauye gefen dam ɗin Tagwai. Ba zan kama sunansa ba, Baba nake ce masa. Damina biyu ke nan ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, gonar kuma tana hayin rafi, inda ko babur ba ya tsallakawa. 'Ya'yansa maza ne ke noma ta, kullum suna ce masa komai lafiya lau, shi kuma bai taɓa yarda da wannan lafiya lau ɗin ba. Na yi tayin in ɗauko masa bidiyo in kawo. Ya aiko Saratu ta gaya min cewa mai hoto abin da ya ga dama yake nunawa, shi so yake ya zauna ya gani da idonsa, ya ce a yi dama a yi dama, a sauka a sauka. Ni kuma bakina ya ja min, na ce wannan ai aikin minti goma ne.

Ranar Asabar ɗin da muka sa, kwananmu uku babu wuta. Na lallaɓa wajen maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara na ɗana kayana a janaretonta. Wayar ta cika taf, jirgin ya cika, rimot ya samu fitila biyu kafin mai ya ƙare. Na yi lissafi na ce fitila biyu da ƙosasshiyar waya sun ishe ni har da ragi.

Abin da injiniyanku bai sa a lissafinsa ba shi ne gaisuwa. Mun isa, na durƙusa, an tambayi gida, an tambayi aiki, an tambayi ruwa. Sai Baba ya hango wayata a aljihun gaba, ya ce tunda ga waya mai nuna fuska, a kira masa babbar 'yarsa da ke aure a Kaduna. Na miƙa da hannu biyu. Ya gaisa da ita, ya gaisa da mijinta, ya gaisa da jikoki ɗaya bayan ɗaya, aka kai shi madafa ya ga abin da ake dafawa, aka kira maƙwabciya ita ma ta gaishe shi. Ina tsugune a bakin tabarma ina hangen batirin yana gangarawa, zufa na bin bayana. Ranka ya daɗe, ban san yadda kuke yi a ƙasarku ba, amma a nan ba a haifi mutumin da zai ce wa surukinsa ya ba shi wayarsa ba. Sa'ad da ta dawo hannuna, kashi shida cikin ɗari ya rage.

Na jona ta a haka, ina addu'a. Kafin a fito da kujerar Baba ƙofar gida, a nemo tabaransa, a gyara masa zama inda rana ba ta haska allo, fitila ɗaya ta tafi. Jirgi ya tashi, mutanen unguwa suka yi kabbara. Ya tsallake rafi. Baba ya sunkuyo har gemunsa na taɓa hannuna, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na auri 'yarsa. Ya gane hanyar da ya yi shekara arba'in yana bi, ya gane kunyoyin doya na farko, ya ce a miƙe sosai zuwa ɗorawar da ke tsakiyar gonar. Ɗorawa ta bayyana. Sai rimot ya fara kuka, ya yi kuka, ya mutu. Allo ya daskare a kan ɗorawar. Jirginku, da yake kun koya masa ladabi, ya juyo da kansa ya dawo ya sauka a gabanmu kamar wanda aka aika ya manta saƙon. Na duba wayar: kashi talatin da ɗaya. Ita kaɗai ce ta ci riba a wannan tafiya.

Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da na fi jin sauƙi. Ya cire tabarau, ya sa min albarka, ya ce a mayar da shi ɗaki. A hanyar dawowa Saratu ta gaya min abin da ban sani ba. Ba doya yake son gani ba. Bayan ɗorawar akwai wata bukka da shi da marigayiya mahaifiyarta suke hutawa a ciki idan rana ta take, so yake ya san ko bukkar tana nan tsaye. Wallahi raina ya ɓaci, na ji kamar in jefa rimot ɗin a dam.

Na biyar. Ranar Litinin na tuɓe takalmi na tsallake rafin da ƙafata. Bukka tana nan, amma rabin jinkarta ya zube. Ban gaya wa kowa ba, na yanko ciyawa na yi kwana biyu ina baibaya, ni da ban taɓa ɗaura ko akurkin kaji ba. Asabar ta gaba muka koma. Wayata na kashe ta na naɗe a tsumma na cusa ƙarƙashin kujerar babur, wayar Saratu muka tanada domin gaisuwar Kaduna. Wannan karon jirgi ya wuce ɗorawa. Baba ya ce a sauka ƙasa-ƙasa, a tsaya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya wajen 'yarsa, ba wajena ba, ya ce duk wanda ya yi wannan baibayar ba manomi ba ne, domin ya ɗaura ciyawar kai a ƙasa, ruwan farko zai shiga. Ya faɗi haka yana goge ido da gefen rawaninsa. Kada ka ɗauka godiya nake yi wa rimot ɗinku da ya ba ni mako guda na gyara. Bai yi da niyya ba.

Saboda haka ga roƙona. Ku sa mana maɓallin hana cajin nan a manhajar kowace irin waya, ba ta masu hannu da shuni kaɗai ba. In hakan zai ɗauki lokaci, ku rubuta a bayan kwali da manyan baƙaƙe cewa rimot ɗin nan yana ciyar da waya daga cikinsa, kowa ya san da wa yake zaune. Sannan kafin ku fitar da sabo, ku turo injiniyan nan Fadikpe ya gwada shi. Masauki na wuyana, abinci na wuyan Saratu, wuta kuwa sai yadda Allah ya yi.

Ku hanzarta, don Allah. Baba ya ce duk Asabar yake son zuwa gona yanzu, 'ya'yansa mata biyar ne a garuruwa daban-daban, kuma ya riga ya lura cewa fuskokin jikokinsa sun fi fitowa a wayata. Ranar da ya tambaye ta, zan je ƙarƙashin kujerar babur in ɗauko in miƙa da hannu biyu.

Allah ya ƙara wa kamfaninku kasuwa, ya ba injiniyanku basira da suruki mai dogon zumunci, ya sa batirinku ya kai ku inda za ku.

Wassalam.

Naka mai amfani da kayanku,
Ɗanlami mai hoto,
Fadikpe, Minna.