Rumfar Iyaye

Litinin, bayan la'asar

Zuwa ga Hedimasta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da mai jego da ɗan baƙon namu. Yaya ƙafar taki? Kina shafa maganin kuwa, ko yana nan a ƙasan jaka kamar yadda kika saba? Ki gaida surukinmu. Ki ce wa jaririn kakansa na gaishe shi, ko da yake yau kakan nasa ba shi da idon kallon ko jariri.

Kin tuna wani labari da na taɓa kawo miki gida, tun ina jan bas a layin jami'a? Ɗalibai ne ke ba juna a kujerun baya, ni kuma ina tsinta. Wai akwai wani dattijo da ya ci jarrabawa aka ba shi gurbin karatu, amma duk shekara, ranar tarbar sababbin ɗalibai, sai ya zo da takardunsa ya zauna cikin iyaye, in an tashi taro ya koma gida. Wai shekara uku yana haka. Na ji shi a bakin waɗannan, na ji shi a bakin na bayansu, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Na ce miki ƙarya ce irin ta yara. Ni da na tashi a gaban kakata, ai na san ɗinkin tatsuniya in na gan shi. Wane mutum ne zai sha wuyar jarrabawa, ya zo har bakin ƙofa, sannan ya tsaya? Na yi ta dariya, kika ce in rage.

To, ɗazu da kika kira na ce miki komai ya tafi daidai. Ba haka ba ne. A waya bakina ya fi ƙarfina, shi ya sa na ɗauki biro. Zan ba direban motar safe ya kawo miki.

Na fita da wuri, sanye da rigar da kika goge kafin ki tafi, shuɗin fayil ɗin da kika jera mini takardu yana hammata. Shekara talatin da ɗaya ina sauke 'ya'yan mutane a ƙofar nan, ban taɓa wuce ƙarfen da ake ɗagawa ba. Yau na wuce shi da ƙafata. Mai gadi, dogon nan da muke gaisawa ta tagar mota tun gashinsa na baƙi, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Baba Direba! Auta ka kawo mana?" Da na ce a'a, da shi ke nan. Sai na ji bakina ya yi murmushi shi kaɗai.

Gaba kaɗan hanya ta rabu biyu, an kafa alluna masu kibiya. Ɗaya ta nuna babban zaure, an rubuta sababbin ɗalibai. Ɗaya ta nuna wata rumfa a kan ciyawa, an rubuta iyaye. Na dubi layin zauren. Yara ne zalla, Hedimasta, autarmu ta girme su duka. Mai gadi kuma yana kallon ƙeyata. Ni da ban taɓa ɓatan hanya da fasinja ba, na karya kwana na bi kibiyar iyaye.

Ba zan ɓoye miki ba, rumfar akwai daɗin zama. Fararen kujerun roba, ruwan sanyi, ga lasifika an ɗaure a jikin ƙarfe don iyaye su ji abin da ake faɗa a ciki. Na ji shugaban jami'a ya yi maraba. Na ji mai kula da ɗakin karatu ta ce littafi ba ya cizo. Daga nan wani malami mai dasasshiyar murya ya ce shi ne ke kula da manyan ɗalibai, wato irinmu da muka dawo karatu bayan shekaru. Ya ce kwana uku zai yi yana zagayawa da su, kuma ranar Laraba ƙarfe huɗu zai rufe takardar sunaye. Wanda bai sa hannu ba, a ba mai jira gurbinsa. Na tafa tare da iyaye.

Ga wanda ya fi ci mini rai. Wata mata ta zo bakin rumfar tana ta waige-waige, za ta kai hamsin, ita ma rungume da fayil. Ta ga nawa, ta zauna kusa da ni. Ta ce ita tela ce, shekara talatin rabonta da aji. Ta rage murya ta tambaye ni ko ni ma ɗalibi ne, mu shiga tare, don ta kasa shiga ita kaɗai. Na ce a'a, 'yata na kawo, fayil ɗin nata ne. Ta ce me take karanta? Na ce likitanci. Kin ji, a zama ɗaya na haifi 'ya, na raine ta, na sa ta karatun likita. Matar nan haƙuri ta ba ni, wai ta yi mini kallon da bai dace ba. Sannan ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ratsa ciyawar nan ita kaɗai. Na bi ta da ido har ƙofa ta rufe.

Shekara biyu kina zaunar da ni a teburin cin abinci, ke da jan bironki, kina cewa mutumin da ya haddace labarin kakanni har bakwai ba zai kasa karatun tarihi ba. Ki yafe mini. Gobe zan shiga.

Ki gaida kowa da kowa.

Naki,
Tsohon Direba

Talata, da yamma

Zuwa ga Hedimasta,

Ina gaisuwa. Ina fata kun tashi lafiya, jariri ya bar ku kun yi barci.

Saƙonki ya iso. Direba ya miƙo mini ambulan yana ta fara'a, yana zaton abin kirki ne. Na buɗe na ga wasiƙata ce ta jiya kika mayar mini, ba gaisuwa, ba faɗa, sai layi ɗaya da jan biro a ƙarƙashin inda na ce gobe zan shiga. Na gane. Da zagina kika yi da ya fi mini sauƙi.

Ban shiga ba.

Ta ƙaramar ƙofa na bi don kada mai gadi ya tambaye ni auta. Na yi niyya sosai, har na taka matakala biyu na zauren. Sai wasu 'yan mata suka matsa gefe suka rusuna, ɗaya ta ce, "Sannu da zuwa, Farfesa." Na amsa, na sauko, na koma kujerata ta jiya.

Iyaye sun ragu. Na zauna kusa da wani bawan Allah mai bokiti da matashin kai, yana jiran ɗansa ya karɓo makullin ɗaki. Ya tambayi 'yata. Yanzu har ɗaki ta samu, a bene na biyu.

Wajen sha ɗaya sai ga manyan ɗaliban sun fito a jere, malamin nan mai dasasshiyar murya a gaba, za su ɗakin karatu. Za su kai ashirin. Akwai mai furfura fiye da tawa, akwai mai tsohon ciki, akwai wani mai sanda. Malamin gajere ne, ya girme ni, yana tafe yana nuna musu inda ake ganin jadawalin lacca da inda ake samun kwamfuta, suna ta dariya kamar 'yan firamare. Tela tana cikinsu. Ta hango ni, ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, a gaida likita!" Da zuciya ɗaya ta faɗa, ba zolaya, kuma shi ne ya sa na ji kamar in shige ƙarƙashin kujera. Malamin ya dube ni. Ba fuskata ya duba ba, takalmina ya duba, da fayil. Sai ya wuce.

A hanyar gida na tsara miki dalilai: gwiwa, ido, nisan wuri. Duk na zubar da su a tasha. Gaskiyar ita ce ina jin kunyar a gan ni ban sani ba. A mota ni ake tambaya hanya.

Saura gobe. Ba zan sake yi miki alkawari ba, kada bironki ya ƙare.

Naki,
Tsohon Direba

Laraba, bayan magariba

Zuwa ga Hedimasta,

Gaisuwa irin ta kullum, da fatan ƙafa ta yi sauƙi, mai jego tana samun ƙarfin jiki. Ki zauna kafin ki karanta wannan, tana da ɗan tsawo.

Yau da na isa na tarar ana kwance rumfar. Iyaye duk sun koma gidajensu, masu aiki suna ɗora kujeru kan juna. Suka bar mini ɗaya saboda girma. Ki kwatanta: fili fetal, rana a tsakar ka, ga tsoho a kan farar kujera yana jiran 'yar da ba a haifa ba. Na zauna haka har ƙarfe uku ta wuce.

Sai ga malamin nan shi kaɗai. Ya ciro kujera daga tarin, ya ajiye kusa da tawa, ya zauna yana fifita da takarda, kamar mun saba. Bai tambayi sunana ba. Ya ce iyaye bokiti suke riƙewa, da jaka, da matashin kai, takardu kuwa suna hannun yaran. Ya ce idon uba yana bin ɗansa duk inda ya yi. Amma wanda ya goge takalmi haka, ya ɗora fayil a cinya ya danne da hannu biyu, ba ya kallon kowane yaro sai ƙofa, to wannan nasa ne. Ya ce duk shekara yana samun ɗaya ko biyu, kuma tun Litinin ya ƙirga ni.

Na ce to me ya sa ya bar ni na gasu kwana uku? Ya ce, "Ranar farko in ka taɓa su, guduwa suke, ba sa dawowa. Sai rumfa ta tafi, ba sauran inuwa, sannan ake magana da su." Ya dubi agogo ya ce saura minti ashirin da biyar, shi kuma gwiwarsa ba ta son sauri.

Na rungumi fayil ɗina, Hedimasta. Na tashi na bi shi. Ciyawar nan da na ɗauka ta kai tafiyar yini, taku arba'in ce, na ƙirga.

Ɗakin da ya kai ni ƙarami ne, fanka ɗaya, allo fari. Takardar sunaye tana kan tebur, kowane layi da sa hannu sai nawa. Na ɗauki biro, sa hannun ya fito kamar tayar da ta yi faci. Aka zaunar da ni gaban kyamara, aka ce in ɗaga haɓa. Katin shaidar ɗalibin yana wuyana yanzu da nake rubutu. Na fito a hoton kamar wanda aka kama da kayan mutane, kuma ai haka ne.

Manyan ɗaliban duk suna zaune ana koya musu yadda ake shiga kwamfutar makaranta. Tela ta ɗago ta gan ni da kati. Ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta ce, "Ikon Allah. Likita, ashe haka kika tsufa?" Ɗakin ya fashe da dariya, don ta riga ta ba su labarin dattijon kirki mai 'ya likita. Na tsaya a gabansu na ba ta haƙuri. Na ce ranar da ta nemi abokin shiga na ƙi ta, na kuma bari ta ba ni haƙuri a kan ƙaryata. Ta ce ta ji, amma ba ta gama hucewa ba, sai na ɗauki mako guda ina riƙe mata kujerar gaba. Sannan ta matsa ta ba ni wuri, ta nuna mini inda ake dannawa, tunda ta riga ni da kwana biyu. Na tambaye ta abu ɗaya sau uku. Ban mutu ba.

Da zan fita na bi ta babbar ƙofa. Mai gadi ya ce ina auta? Na ɗaga masa katin. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ƙame ya sara mini. Na fi son da dariya ya yi.

Lacca ta farko Litinin, ƙarfe takwas. Kunyar ba ta sake ni ba tukuna, musamman taki. In kin dawo ki zo da jan biron, akwai aiki. Ki gaida surukinmu da mai jego, ki shafa mini kan jariri.

Ɗalibinki,
Tsohon Direba

Af, na manta. Labarin dattijon nan da na ce miki ƙarya ce, na sake jin sa yau, a tsakiyar ciyawa, muna tafe a hankali saboda gwiwa. Yara sun ƙara gishiri: ba shekara uku ba ce, biyu ce, kuma fayil ɗinsa kore ne. A wannan karon ban yi dariya ba, don wanda ya ba ni shi ne mai fayil ɗin, malamin nan mai dasasshiyar murya.