Kwamfutar Pihla da Ɗakin Sirace

Litinin, 20 ga Oktoba

Kwamfutar 'yata Pihla ta mutu da kanta yau, karo na uku ke nan. Ihun da yarinyar ta yi, na ɗauka wuta ce ta kama. Shekara sha shida, amma tana yi wa ƙarfe kuka! Na zare wayar na mayar, yadda nake yi wa injin shara in ya yi gardama. Ta kawo. Na ce mata duk abin da aka hana shi hutu dole ya gaji, balle wanda ake toshe kunne a zauna gabansa awa huɗu.

Dokata tana nan. Ƙarfe takwas na dare ta miƙo mini, ni in adana. Tun watan Agusta take neman wurin ba ta samu ba. Ƙarƙashin bencin ɗakin sirace, inda muke wankan tururi, a naɗe cikin tawul, bayan wankin da nake shanyawa. Ranar Asabar in fitar kafin mijina Jarmo ya kunna murhu, a gama wanka in mayar. Wa zai duba can?

Talata, 21 ga Oktoba

Jarmo ya ce ƙwayar cuta ce. Mijina direban motar katako ne, amma yau ya zama likita. Ya danna nan, ya hura can. Da ya ɗora ta kan tebur sai ta ƙi zama daidai, tana rawa. Cikinta ya kumbura! Ban taɓa ganin haka ba. Na ce wa Pihla, ga sakamakon shirmen da take cusa mata.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ba ta kawowa ko kaɗan. Allon baƙi ƙirin.

Pihla ta ƙi taɓa miyar wake. Na fara mata faɗa a kan almubazzaranci, sai ta ce, "Mama, Kaka yana ciki." Na ce wace irin magana ce wannan? Ashe duk zuwan da ta riƙa yi gidan tsofaffi a hunturun bara, ɗaukar muryar Baba take yi. Awa goma sha ɗaya. Shi take saurara tana rubutawa, wai za ta ba ni ranar da za mu kai masa kyandir makabarta. Ba ta ajiye a wani wuri ba.

Baba ya rasu a watan Afrilu. Ko saƙon murya ɗaya nasa ba ni da shi.

Na yi mata faɗa don ba ta ajiye biyu ba. To me zan ce?

Asabar, 25 ga Oktoba

Sirace. Na kasa daɗewa a ciki. Jarmo ya ce tsufa ne.

Litinin, 27 ga Oktoba

Mun kai ta shagon Raija mai gyara, wadda muke waƙa tare a coci. Ta kwance kusoshin, ta ɗaga murfi, ta ja da baya. Tsatsa ce koriya shar kamar gansakuka, batirin kuma ya yi suntum.

"Pihla, a wane tabki kika yi mata wanka?"

"Da rana tana tebur. Wurin kwananta kuwa, tambayi Mama."

Suka juyo su biyu. Na ce wuri ne mai tsabta. Raija ta ce ba tsabta ta tambaya ba. Na faɗa.

Dariyar da matar nan ta yi, har da riƙe ciki. "Marjatta! Tare da jiƙaƙƙun safa? Wata biyu? Kina watsa mata ruwa kan duwatsun murhu ma don tururi ya tashi, ko?" Sannan ta daina dariya, ta ce irin wannan batirin yana kamawa da wuta, kuma bangon ɗakin katako ne. Ɗakin Pihla ne a samansa.

Ta ce kwamfutar ta gama yawo. Faifan da ke ajiye komai za ta cire ta gwada a wata, amma kada mu sa rai.

A mota taga Pihla take kallo har gida. Da ma zagina ta yi.

Talata, 28 ga Oktoba

Da niyya mai kyau na yi. Wannan dai ba wanda zai musa.

Laraba, 29 ga Oktoba

Raija ba ta kira ba. Na duba wayata ya fi sau ashirin, ni da nake hana wasu.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Ta kira! Awa tara sun fito. Biyu sun tafi. Pihla ta ce na ƙarshe ne, na asibiti, da muryarsa ta riga ta shaƙe. Wai ba komai. Ƙarya take, na san fuskarta. Raija ta ara mata wata tsohuwar kwamfuta.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Mun kai kyandir. Makabarta ta cika da haske, ga yayyafi.

Da muka dawo ta sa mini abin ji a kunne ba tare da ta tambaye ni ba. Tarinsa na fara ji. Sai ga shi yana cewa, "Uwarki? Tun tana ƙarama ba ta iya cewa yi haƙuri ba. Ranar da ta nutsar mini da komar kamun kifi a tabki, burodi ta gasa ta ajiye mini a ƙofa, ya ƙone ƙurmus. Na cinye."

Bai kamata a riƙa gaya wa yara irin wannan ba.

Kwamfutar aron tana teburin kicin, nan ya fi bushewa. Ina jin takwas ta wuce, ban duba ba.

Na gasa burodin kirfa na ajiye a ƙofar ɗakinta. Fulawar ce ta kusa lalacewa.