Ƙafafun Kujera

Asabar, 4 ga Mayu

Na tare. Ɗaki ɗaya, falo, da kicin ɗin da ba ya ɗaukar mutum biyu sai in suna shiri da juna. Katifa a ƙasa, kwalayen littattafai, butar shayi. Idan na yi tari falon ya amsa min.

Umma ba ta rako ni ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "To Auta, Allah ya sa alheri," kamar wadda za ta ƙetare teku, alhali mota ɗaya ce tsakaninmu. Yaya ce ta kawo ni. Ta zagaya ta ce, "Wannan kwalin ne kika bar mu dominsa?"

Na yi wa kaina alkawari ba abin da zai shigo nan sai wanda na zaɓa da idona. Tun da na yi wayo nake zaune a falon Umma, inda kowane abu yake sanye da rigarsa ta saƙa: talabijin, firiji, har rimot.

Amma tunda a nan ba mai ji na, ina so Umma ta zo ta zauna. Ta zauna kawai, ta sha shayi a kofina, ko ba ta yaba komai ba.

Talata, 7 ga Mayu

Na sami ragowar yadi a wurin tela, ruwan ƙasa, na yi labule da hannuna. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. A ofis aikina ke nan, kamo wa mutane waƙafin da suka manta a rubutunsu, ga ni na kasa daidaita yadi.

Maƙwabciyata ta shigo gaisuwa. Na sa mata suna Rediyo, don tun daga ƙofa take a kunne. Ta dubi falon ta ce, "Ayya, ɓarayi ne?" Na ce a'a, salo ne.

Asabar, 11 ga Mayu

Na sami kujera a wurin 'yan gwanjo, a bayan tarin gadaje, an kifa mata fanka a cinya. Katako ne na gaske, mai hannu biyu, soson ya mutu amma jikinta lafiya lau. Mai kayan ya rantse ta wani alƙali ce. Duk abin da ke shagonsa na wani alƙali ne.

Wuni na yi ina goge ta da samfefa. Ƙura har cikin kunnena.

Lahadi, 12 ga Mayu

Tsayinta ya dame ni. Na zauna a kai na ji kamar malamar makaranta da za ta kira sunayen masu makara. A hotunan da nake tarawa a waya, kujerun duk gajeru ne, mutum ya nutse ya miƙe ƙafa.

Na kai ta wurin kafintan bakin layi na ce ya rage ƙafafun, kamar taƙi guda. Ya ce, "Anti, a yanke?" Na ce a yanke. Ya ɗauko zarto yana cewa shi abin da ya fi so a duniya ke nan, aikin da ba sai ya sayi katako ba.

Guntayen huɗu na zubo su a jaka. Sun yi kyau da yawa a ce an jefar.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na yi mata sabon soso da riga shuɗiya. Ta fito yadda nake so.

Guntayen ma sun sami aiki. Ɗaya yana tokare ƙofar kicin. Biyu na ɗora musu falanki a ƙarƙashin taga, na jera kwalaben zuma da na wanke na sa ganye a ciki. Na huɗun Rediyo ta tafi da shi, wai firijinta yana rawa.

Sai tabarma da matasai uku a ƙasa. Falon mai ilimi.

Na kira Umma. Ta ce Lahadi, in Allah ya kai mu.

Lahadi, 19 ga Mayu

Ta zo. Ba ta zauna ba.

Na nuna mata kujerar, na ce ita za ta fara zama a kai a cikin baƙi. Ta dube ta daga sama zuwa ƙasa, ta daɗe a ƙasan. Sai ta wuce taga ta dafa, ta ce labulen ya karkace. Na kawo shayi, ta karɓa a tsaye ta kurɓa sau biyu. Na ce, "Umma, ki zauna mana." Ta ce, "Ai tsayuwa ma lafiya ce, zama ya ishe ni a mota." Yaya da ta kawo ta tana ta yi min wani ido, na ɗauka na "ai na faɗa miki" ne.

Ko takalmi ba ta cire da kyau ba. Ta ce ta bar tukunya a wuta. Umma ba ta taɓa barin tukunya a wuta ba tun da aka ƙirƙiro wuta.

Da suka tafi na zauna a kujerar na shanye ragowar shayinta. Na gane saƙon: gidan da ban nemi shawararta ba, ba za ta ba shi nauyin jikinta ba. To shi ke nan.

Litinin, 20 ga Mayu

Ban kira ba. Ita ma.

Laraba, 22 ga Mayu

Yaya ta kira ina ofis. Na fara yi mata bayanin halin Umma, da misalai, kamar mai kare digiri. Ta bari na gama sannan ta ce, "Ke dai wallahi bokonki bai hana ki wauta ba. Idan ta zauna a wannan abin naki, wa zai ɗago ta? Ke ko ni, a gaban maƙwabta?"

Gwiwoyinta ne. Wai tun bara. Wai ta daɗe tana sallah a kan kujerar roba a ɗakinta.

Na ce ai ina gidan bara. Yaya ta ce, "Eh, kina gidan."

Na koma kan takardar da nake gyarawa. Na kama kuskure a layin farko.

Alhamis, 23 ga Mayu

Na biya gida bayan aiki, wai na manta caja. Na zauna ina kallo, a karon farko ba don in samo abin dariya ba.

Kujerarta ta falo matashi biyu aka ɗora mata, an lulluɓe da rigar saƙa yadda ba za a gane ba. Ni da nake cewa rigunan nan ba su da amfani. Idan za ta tashi sai ta matso baki-baki, ta dafa hannun kujera, ta yi kamar tana neman takalmi, sannan ta miƙe. Wannan neman takalmin na sha ganinsa. Har na taɓa kwaikwayonsa ina ba Yaya dariya.

Da ta shiga kicin na tsuguna na auna tsayin wurin zaman da igiyar cajar, na ƙulla alama. Ta fito ta same ni a ƙasa.

"Me kike nema?"

"Ɗan kunnena."

Ta dubi kunnuwana, duka biyun da nasu. Ta ce, "Allah ya sa a gani."

Asabar, 25 ga Mayu

Tattaro ƙafafu. Ƙofar kicin ta koma bugawa da kanta. Kwalabena sun sauko ƙasa. Na Rediyo ne ya ba ni wahala, sai da muka kwashe kayan firijinta kaf muka ɗaga shi, na tura mata wani ƙamus ɗina a madadin. Ta ce ita dama ta san wannan salon ba zai kai ƙarshen wata ba.

Kafinta ya ga jakar ya fashe da dariya. "Anti, mun yanke, yanzu kuma mu dasa?" Na ce ya dasa, ya ƙara mata ɗan tsayi har wurin ƙullin nan, kuma ta yi ƙarfin da ko shi ya hau da ƙafa ba za ta motsa ba. Ya sa gam da dogayen ƙusoshi, ya ƙara gammon katako a ƙasan kowace ƙafa. Ya hau ya yi tsalle. Ya ce idan wani satin na so a mayar da ita gado, yana nan.

Lahadi, 26 ga Mayu

Wurin haɗin ya ƙi ɓoyuwa, duk fentin da na shafa. Daga ƙarshe na zagaye shi da siririn layi ruwan ɗorawa a kowace ƙafa. Wanda ya tambaya, ado ne.

Yanzu ta fi yadda na saye ta tsayi. Alƙalin zai ji daɗi.

Lahadi, 2 ga Yuni

Ita kaɗai ta zo, wai hanya ce ta biyo da ita. Hanyar ina, ban tambaya ba.

Ban nuna mata kujerar ba. Na shige kicin na daɗe ina wanke kofin da yake a wanke. Na ji ta tsaya. Na ji katako ya ɗan yi ƙara.

Da na fito tana zaune, hannu biyu a kan hannayen kujerar, ta cire takalmi. Ta leƙa ƙafafun, ta bi layin ɗorawar da ido, ta ce, "Kin ga ɗan kunnen naki?" Na ce na gani. Ta ce, "To madalla. Labulen nan dai har yanzu a karkace yake."

Ta sha kofi biyu. Ta ba ni labarin mutanen da ban sani ba da 'ya'yansu. Ta yi la'asar a kan kujerar, ta ɗan yi gyangyaɗi, ni ina kan tabarma ina riƙe da littafin da ban juya shafinsa ba. Da za ta tafi ta miƙe da kanta, ba ta nemi takalmi ba sai da ta tsaya.

Ta bar leda a kan kujerar. Rigar saƙa ce, fara, ta bayan kujera. Awon ya yi daidai, ban san yaushe ta auna ba.

Ba ta dace da shuɗin ba ko kaɗan. Na ɗora ta ne kawai don kada man gashi ya ɓata min yadi.