Saƙon da Gwaggo Barira Ba Ta Buɗe Ba

Al Rigga, Dubai.

Zuwa ga Yayata Ummi Kulsum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Inna? Mu nan kalau muke, sai zafin da ya hana kowa leƙa waje.

Kin ce in ba ki labarin Injiniya. To Yaya, mijin nan nawa Sharfuddeen ya samu abin da ya fi ni shiga ransa: bindigar iska. Kin tuna bindigar adakar mahaifinsa da ta fashe bara ta ƙone wa tsohon hannu? Tun daga nan birai suka mai da gonar Baba, surukin nawa, ta Doguwa gidan ubansu. Shi ne ya rantse sai ya haɗa wa tsohon wadda ba ruwanta da albarushi, ba ta kuma dukan kafaɗa. Aikinsa a Al Khabaisi dama gyaran injinan matse iska ne, sai abin ya faɗo masa a hannu.

Wani kulob na masu harbi ya shiga can bayan gari, a nan ake ajiye bindigar bisa ƙa'ida. Bakinta ɗan tsukuku ne, wai kuma ƙananan harsasan harbin tsuntsu ba za su kayar da biri daga nesa ba, sai wani dogon harsashin dalma mai nauyi da suke kira sulog. Sulog ɗin nan kuwa ɗan gata ne. In iska ta yi kaɗan ya faɗi a hanya, in ta yi yawa ya karkace, in bututun bai yi masa ba ya tafi inda ya ga dama. Yau a sauya bututu, gobe a ƙara tankin iska, jibi a matse sifirin, a harba, a auna gudu, a sake sassautawa. Ko abinci na zuba masa, sai ya jera wake a gefen faranti yana nuna mini yadda harsasai suka taru wuri guda. Na ce masa da haka yake lallaɓa ni, da tuni na yi ƙiba.

Dariya nake, amma hankalina bai kwanta ba. Na tambaye shi ta yaya za ta isa Doguwa, ya ce shwaiya shwaiya, wato sannu-sannu, komai da lokacinsa. Ƙasar nan kuwa ba a wasa da maganar makami, ko da na iska ne.

Gwaggo Barira ta iso sayayya, kullum tana kasuwar Naif cikin dilolin abaya. Ciwon sukarin na damunta, amma kin san ta da ƙin zama. Ta ce a gaishe ku.

Ki miƙa gaisuwata ga kowa.

Ƙanwarki,
Mahfuza.

*

Yaya Ummi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa, kuma don Allah kada Inna ta ji abin da zan faɗa miki tukuna.

Gwaggo ba ta hau jirgi ba. Tana hannun hukuma, kuma mu muka jawo mata.

Bindigar ta saitu yadda yake so. Da ya bincika takardun fitar da ita, sai ya ce kafin su fito birai sun gama da masarar bana. Ya ɗauko ta daga kulob da sunan gyara, ya warware ta gunduwa-gunduwa, ya naɗe a tsohuwar atamfata, ya rufe a kwali. A ganinsa in an raba ta, bututu ne kawai da ƙarafa. Mutumin da ya san yawan iskar da ke tura dalma, wannan ɗan abin ya shige masa duhu.

Ni na kai kwalin masaukin Gwaggo. Kin san al'adarta, kuma al'adar 'yan kasuwarmu ce duka: saƙo amana ne, ba a buɗewa, ba a tambaya. Tun muna yara take ɗaukar na mutane, yaji, magani, kayan lefe, takan ce wanda ya buɗe saƙo ya zargi mai shi. Na ce mata kayan aikin Baba ne, ta ce in tura ƙasan akwati, ta ci gaba da ninke mayafai. Ko kallon kwalin ba ta yi ba.

Na'urar filin jirgi ta nuna komai. Alhaji Idris mai kago, wato mai aika wa 'yan kasuwa kaya gida, wanda ya raka ta, shi ya kawo mana labari. Ya ce sun tambaye ta wa ya ba ta, ta ce ita tsohuwa ce, masu ba ta saƙo suna da yawa, ba ta tunawa. Sun juya tambayar ta kowace fuska, ba ta sauya ba. Yaya, Gwaggon da ba ta manta kalar ɗankwalin da aka ba ta shekara goma baya!

Ba wanda ya zo ƙofarmu, kuma muddin ta yi shiru ba mai zuwa. Wannan shi ke cin raina. Injiniya ya daina cin abinci, yana zaune kamar an dasa shi. In ya je, aiki ya tafi, biza ta tafi, tawa ma tana rataye da tasa, watakila har da ɗauri. In bai je ba, tsohuwa mai ciwon sukari za ta ci gaba da kwana a wurin da ban san wa ke ba ta allurarta ba. Gaba kura, baya sayaki. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, kaina kuwa ba na son ko gani a madubi.

Na faɗa masa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in ba zai iya ba ni zan je, tunda hannuna ne ya miƙa kwalin.

Ki taya mu da addu'a.

Taki,
Mahfuza.

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya Inna? Allah ya saka miki da alheri kan addu'o'inki.

Ya je. Ranar Litinin ya yi wanka, ya sa farar shaddarsa, ya ɗauki katin kulob da fasfo. A bakin ƙofa ya roƙe ni kada in kuskura in bi shi, ya ce zai gaya musu shi ya haɗa, shi ya naɗe, khalas, shi ke nan. Na tsaya a taga har ya shige tashar jirgin ƙasa na metro bai waiwayo ba.

Sun riƙe shi, an saki Gwaggo. Ta rame, ƙafafunta sun kumbura, amma da kanta ta tako. Na durƙusa a gabanta ina kuka, ina jiran faɗa. Faɗan ya zo, sai dai ba wanda na zata ba. Cewa ta yi wane mara tunani ne ya bar yaron nan ya kai kansa? Ita ta ci zamaninta, da sun gaji da ita sun kora ta gida, shi kuwa yanzu ya fara rayuwa. Ta ce ta riƙe bakinta ne don aurena, ni kuma na je na zubar mata da wahalarta a banza. Ban iya gaya mata ni na tura shi ba, amma ta kalle ni ta gane.

Lauya ya ce zuwansa da kansa zai taimaka, sai dai bai yi mini alkawarin komai ba. Na fara haɗa kayan ɗaki a hankali. Har yanzu ban san ko daidai na yi ba, Yaya. Abin da na sani, Gwaggo za ta kwana a ɗakinta wannan makon, ni kuma ina kwana ni kaɗai.

Alfarma ɗaya nake nema. Baba ya kira jiya cike da murna, yana tambaya ko saƙonsa ya taso, wai har ya share wuri a bukkar gona. Na kasa gaya masa gaskiya. Don Allah ki sa maigidanki ya kai ki Doguwa ki faɗa masa baki da baki. Ki ce masa ya daina jiran bindiga, dawowar ɗansa zai jira, ita ma ban san ranar ba.

Wassalam.

Ƙanwarki,
Mahfuza.