Maganin da Wada Yake Korawa da Ruwa

Pitowa, 3 ga Maris

Ƙanwata Karimatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya. Asmar nan ta hana ni fawa, ko cinyar saniya na ɗaga sai na zauna ina haki. Abin shaƙar da Irène mai farmasi ta sayar mini jabu ne. Da na koma mata, maimakon ta ba ni haƙuri, wai in fesa a gabanta ta gani. Ni, sa'an ubanta. Na wanke ta tas a bainar jama'a, na kuma sanar da duk mahauta. Ga kwalin nan, ki sayo mini na ƙwarai a Garwa.

Yayanki, Wada

Garwa, 6 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa, ya jiki? Na ba Achille direba saƙonka, amma iri ɗaya ne sak da naka. Mai farmasin nan ya ce sai mutum ya fitar da numfashi, ya fesa yana jan iska, ya riƙe ta har ya ƙirga goma. Kada ranka ya ɓaci, Yaya, haka kake yi?

Allah ya ƙara sauƙi.

Karimatu

Pitowa, 12 ga Maris

Karimatu,

Ina gaishe ku. Wata huɗu ina fesawa a harshe ina korawa da ruwa, don a sanina magani haɗiye shi ake yi. Na gwada yadda kika ce da tsohon na Irène, nan take ƙirjina ya buɗe. Jiya na wuce farmasinta, ko mutum ɗaya babu. Simone mai tuyar ƙosai ma ta daina karɓar wa ɗanta magani saboda maganata, sai da aka kwantar da yaron a asibiti. Kunya ta ishe ni. Na rubuta wa Irène takarda, don ba zan iya haɗa ido da ita ba.

Ki saka ni a addu'a.

Wada

Baba Wada,

Barka da samun sauƙi. Na yafe, amma ni kaɗai na karanta takardarka. Ran Lahadi zan zo rumfar mahauta tare da Simone. Biyu daga cikin mahautan suna yin irin kuskurenka, kuma ni yanzu ba sa saurarena. Kai za ka nuna musu yadda ake fesawa.

'Yarka, Irène