Rubutun da matatar ruwa ta shanye

Gadarif, Laraba

Zuwa ga 'yata Raniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya a Malesiya, ke da kwalabenki na ɗakin bincike. Allah ya ƙara basira. Mu nan alhamdu lillahi, an gama yankan riɗi, dawa ma ta yi kyau, mai ɗakina Hajar kuma ta sauka lafiya, an samu mace.

Maganar matatar ruwan da kika kafa mana ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin tuna da za ki tafi, lokacin kwalara, kin sa na rantse cewa kakarki Inna ba za ta haɗiyi ɗigon ruwa ba sai ya bi ta cikin farar takardar robar nan mai ƙananan ƙofofi. Kin kuma ce bayan wata shida a cire ta a sa sabuwa, in ba haka ba maganin zai koma cuta. To, da Inna ta kwanta da damina, malaminmu Faki Elnour ya yi mata rubutun sha, ya wanke allon da ruwan hafiri, tafkin da dabbobi ke sha. Ni kuwa mai riƙon alkawari, sai na juye rubutun cikin matatar. Ya shiga baƙi ƙirin, ya fito fari tas. Inna ta daɗe tana kallon kofin, ta ce abin nan ya shanye mata ayoyi. Duk da haka ta sha, kwana bakwai muna yi, kuma ta miƙe.

Tun daga nan gidanmu bai huta ba. Mata na zuwa da jarkoki har daga garin Showak, wai duk ruwan da ya ratsa ta ya ratsa ayoyi. Yau wata goma sha ɗaya ke nan da kafa ta, ruwan sai ɗiga yake da kyar, yana kuma ɗan wari kamar tsohon zir, randar ruwanmu. Inna ta ce wanda ya cire takardar kada ya zo jana'izarta. Ta ce idan rana ta take, gida ya yi tsit, tana jin abin yana karatu ƙasa-ƙasa. Na yi mata dariya, na ce iska ce a bututu. Daga baya na kasa kunne, ban kuma sake dariya ba.

Shekaranjiya ɗiyar Sara maƙwabciyarmu, mai shekara uku, ta fara gudawa, kuma ruwanmu take sha. Jiya da hantsi na kwance murfin ba da sanin kowa ba. Na warware takardar, sai ga baƙin ya kwanta layi-layi daga dama zuwa hagu, a jere kamar hannun mutum. Na zuba ruwan sabulun nan mai kumfa da kika bari don wanki, na cuɗa, kumfar ta tafi, layukan suka ƙara fitowa. Na san kin taɓa ce min ƙaron da ake dama tawada da shi dangin robar ne, shi ya sa suke manne wa juna. Na maimaita wa kaina haka sau uku. Wallahi tsoro na ji, na nannaɗe ta na mayar.

An ce rigakafi ya fi magani, ga sabuwar takarda a akwati, ga kawunki ya kasa. Yau na ce wa matan famfon ya lalace, amma ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ki rubuto wa Inna da kanki, ke take ji. Idan kin ce tawada ce kawai, zan yarda in cire. Sai dai ki faɗa min, a duk karatunki, ina ake jefar da irin wannan.

Inna na gaishe ki, da Hajar, da ɗana Haidar. Ki gaida mijinki Salihu. Ki sa ɗiyar Sara a addu'a.

Kawunki,
Harisu