Binciken Gindin Mangwaro

Barkin Sale, Minna.

Yaya Usman,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya aiki, ya sanyin Jos? Ya Anti Binta da yara? Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Labarin Sani ɗan Kawu zan ba ka, wanda kullum kake cewa in yi koyi da shi. A darasinmu na hanyoyin bincike, malami ya haɗa mu aiki ɗaya: mu bi 'yan kasuwar Sabon Gari da takardun tambayoyi, mu ji ko za su yarda da kwamfuta a shagunansu. Mako biyu ina yawo cikin rana. Shi kuwa sarkin Turanci, mai ambaton manyan masana kamar tare suka yi firamare, gindin mangwaro ya zauna ya cike nasa duka, yana canza biro.

Ranar gabatarwa malami ya zaro takarda ɗaya daga cikin na Sani ya ce masa, "Yaushe ka ga Alhaji Garba mai taya?"

"Ranar Talata, ranka ya daɗe. Har shayi ya ba ni."

"Surukina ne. Bara muka binne shi."

Aka soke aikin har da nawa. Da ƙyar na samu aka yarda in sake ni kaɗai kafin jarrabawa. Jiya marar kunyar ya aiko wai in sa sunansa a ciki. Na ce ya koma wurin Alhaji Garba ya sa masa hannu.

Ka taya ni da addu'a, lokaci ya ƙure. Inna tana gaishe ku duka.

Ƙanwarka,
Rakiya.